GAJIYA DA MAGANINTA A RAYUWAR YAU DA KULLUM

Gabatarwa



Kafin in shiga cikin abin da ya tara mu, ya kamata in faɗa muku cewa ni ba likita ba ne. Malamin Hausa ne ni, aikina shi ne nazarin harshe da al'adun masu harshen. To, amma ta cikin wannan nazari ne na ci karo da batun da zan yi magana a kansa yau, watau gajiya. Na lura cewa Bahaushe yana da kalmomi da gaishe-gaishe masu yawa game da gajiya, sa'an nan kuma yana da al'adar ɓoye ta. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi abin da harshenmu ya ce game da gajiya, da abin da masana lafiyar jiki suka gano, daga nan mu ga yadda ɗalibi da ma'aikaci da manomi a ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi za su amfana da su duka biyu.

Gajiya a bakin Bahaushe

In Bahaushe ya gamu da ɗan'uwansa, bayan "ina kwana" sai "ina gajiya". Amsar da aka sani ita ce "ba gajiya", ko "gajiya ta bi lafiya", ko kuwa kamar yadda muke faɗa a nan Zamfara, "lahiya lau". Ko da mutum ya wuni yana huɗa a gona, ƙafafunsa na rawa, ba zai ce wani abu dabam ba. In an yi biki ko suna an watse, washegari akan je bangajiya. In baƙo zai tafi akan ce masa a huta gajiya. Wannan ya nuna abu biyu. Na farko, al'ummarmu ta yarda cewa gajiya haƙƙi ce da ake tambayar mutum a kanta kamar yadda ake tambayar iyalinsa. Na biyu, ladabi ya hana mutum ya amsa da gaskiya.

Har ila yau harshen ya rarrabe tsakanin gajiya da kasala da ƙiwa. Gajiya ita ce ta wanda ya yi aiki ƙarfinsa ya ƙare. Kasala ita ce mutuwar jiki, mutum ya ji gaɓoɓinsa sun saki ko bai yi aikin kome ba. Ƙiwa kuwa hali ce, ga ƙarfin amma babu niyya. Kuskuren da muka fi yi shi ne mu ɗauki mai kasala mu kira shi mai ƙiwa. Yarinya tana gyangyaɗi a aji a ce raguwa ce, matar aure ta kasa gama daka a ce son jiki gare ta, alhali kuwa wataƙila jini ne ya yi musu ƙaranci. Zan komo kan wannan.

Yadda magabata suka tsara hutu

Manomin wannan yanki bai karanta littafin likitoci ba, amma ya tsara wuninsa bisa tafiyar rana. Yakan fita gona bayan sallar asuba, ya yi aiki mai nauyi da sanyin safiya. Da hantsi ya ɗaga a kawo masa fura. In rana ta take sai ya nemi inuwa, ya yi ƙailula, sa'an nan da la'asar sakaliya ya koma ya ƙarasa. Bayan lisha, in ba daren farin wata ba ne, gari ya yi tsit. Shekarar ma haka take. Wahalar shuka da noman fari da maimai tana cikin damina, girbi da kaka, daga nan sai rani, lokacin bukukuwa da ziyara da gyaran gida. Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuwa akan kira masa gayya.

Wannan tsari ya fara sauyawa tun zamanin Turawa. A 1929 ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta biyo ta Gusau ta ƙare a Ƙauran Namoda, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, aka sami 'yan dako da akawuna da masu awo waɗanda agogo ke yi wa iyaka, ba inuwa ba. Daga baya makarantun boko da ofisoshin En'e suka zo da nasu lokaci. A 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura, a 1996 kuma aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ma'aikata suka ƙaru. Yanzu ma'aikaci yana ofis a daidai lokacin da kakansa ke ƙailula, da dare kuma ga wayar salula a hannunsa har ƙarfe ɗaya. Asuba dai ba ta canja ba. Watau mun riƙe lokacin tashin magabata, mun yar da lokacin kwanciyarsu.

Abin da masana suka gano game da barci

Masana sun nuna cewa abubuwa biyu ke jan ragamar barci. Na farko wani sinadari ne da ake kira adinosin, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke. Gwargwadon taruwarsa gwargwadon nauyin ido, kuma barci ne ke rage shi. Na biyu shi ne agogon da ke cikin jiki, mai zagayawa cikin kimanin awa 24, wanda hasken rana ke daidaita shi. In duhu ya yi jiki yakan fitar da sinadarin melatonin don ya shirya wa barci, haske mai ƙarfi da dare kuwa yakan jinkirta fitowarsa. Binciken yadda wannan agogo ke aiki shi ya sa aka ba Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel a 2017.

Barcin kansa ba abu ɗaya ba ne miƙe. Yana tafiya zango-zango, kowane zagaye kimanin minti 90, a cikinsa akwai barci mai nauyi da ke gyara jiki, akwai kuma matakin da idanu ke motsi, wanda aka fi yin mafarki a cikinsa. Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman ne suka gano wannan mataki a Jami'ar Shikago a 1953. Abin da ya shafi ɗalibai a nan shi ne, cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Saboda haka ɗalibin da ya kwana karatu daren jarrabawa ya yi kamar wanda ya yi girbi ya bar dammunan a gona bai kai rumbu ba.

Baligi yana bukatar barcin awa bakwai zuwa tara, matashi ɗan sakandare kuwa takwas zuwa goma. Wanda ke tashi ƙarfe biyar na asuba, in yana son awa bakwai, lalle ya kwanta ƙarfe goma. A 1997 wasu masana biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka gwada mutane suka tarar cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, natsuwarsa da saurin hannunsa sukan ragu kamar na wanda ya sha giya har ta kai ma'aunin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Ku lissafa da kanku: daga biyar na asuba zuwa goma na dare awa 17 ke nan. Direban da ya taso da asuba ya kai kaya kasuwar Shinkafi, ya wuni a rana, sa'an nan ya kama hanyar Gusau da dare, ko da bai taɓa kusantar giya ba a rayuwarsa, ga halin da yake ciki. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

Ni kaina na ɗanɗana wannan. Lokacin da nake rubuta kundin digirina na uku a ƙasar Turai, da hunturu rana kan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu, sai na mai da dare rana, ina shan shayi da kofi kofi bayan kofi. Bayan wata biyu na kai in karanta shafi guda sau uku ban san abin da ya ce ba. Na je wurin likita ina zaton zai ba ni ƙwayoyi. Ya auna jinina, sa'an nan ya tambaye ni yaushe nake kwanciya, me nake ci, yaushe rabona da tafiya a ƙasa cikin hasken rana. Na kasa ba shi amsar da ba kunya a cikinta. Bai rubuta mini ko ƙwaya ɗaya ba, kuma cikin mako uku na dawo daidai.

Goro da shayi da ƙwayoyi

Goro da shayi da kofi da lemunan nan na gwangwani da ake kira masu sa kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Aikinsa shi ne ya toshe wuraren da adinosin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, sai mutum ya daina jin barci. Amma fa adinosin ɗin yana nan yana ƙara taruwa, kafeyin na sakin mutum sai gajiyar ta sauko gaba ɗaya. Bugu da ƙari, jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabin kafeyin ɗin da aka sha. Wanda ya zauna teburin mai shayi ƙarfe tara na dare, rabin abin da ya sha yana jikinsa ƙarfe biyu. Ban ce a bar goro ba, don na san ba za a bari ba, kuma ɗan kaɗan da safe ba ya cutar da mai lafiya. Abin da nake cewa shi ne daga la'asar a dakata.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙwayoyi. Samari da yawa masu aikin ƙarfi, 'yan ƙodago da 'yan acaɓa da masu haƙar ma'adinai, suna shan taramadol don kada su ji gajiya. Taramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin ƙwayoyin da ke kama mutum ya kasa rabuwa da su. Ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya kashe jin ciwo, sai mutum ya ci gaba da aiki bayan jikinsa ya ce a tsaya. A kwana a tashi ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu, yawansa kuma yana kawo farfaɗiya, yana iya tsai da numfashi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayu na 2018 ɗin ne kuma Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Da yawa daga cikin waɗannan samari ba neman maye ya kai su ba tun farko, neman maganin gajiya ne.

Abinci da ruwa

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'aikata da ɗalibai da yawa suna fita ba karin kumallo, su wuni da lemo da burodi, da dare su cika ciki da tuwo su kwanta. Sukari yakan shiga jini da sauri ya ba da kuzari na ɗan lokaci, sa'an nan mutum ya koma ya fi da kasala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da baligi ke ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, watau ƙaramin cokali 12, kuma kwalbar lemo guda ta kusa cinye wannan adadi. Abincinmu na gargajiya ya fi dacewa da mai aiki. Koko da ƙosai, fura da nono, dambu da zogale, ɗanwake, fate, duk suna daɗewa a ciki suna sakin ƙarfi a hankali.

Ruwa kuwa shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na jikin baligi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, mutum yana zubar da gumi bai sani ba. Alamun farko na ƙarancin ruwa su ne ciwon kai da kasala da rashin natsuwa. Ga ma'auni mai sauƙi wanda ba ya bukatar asibiti: in fitsari ya yi ja ya yi kaɗan, jiki na neman ruwa. Mai azumi ya rarraba shan ruwansa daga buɗa baki zuwa sahur, kada ya tara shi a zama ɗaya, aikin ƙarfi kuma ya yi shi da safe.

Motsa jiki da ƙailula

Wani zai ce, mutum ya gaji kuma a ce ya motsa jiki? Gajiyar manomi dabam, gajiyar mai zaman ofis dabam. Manomi hutu yake bukata. Akawu kuwa da ya wuni kan kujera, ya hau babur zuwa gida, ya zauna a majalisa har dare, ƙwaƙwalwarsa ce ta gaji, jikinsa bai yi kome ba, shi ya sa barcinsa ba ya nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ta cika mafi ƙarancin adadin. Ba a bukatar rigar wasa ko filin ƙwallo. A taka zuwa masallaci, a taka zuwa kasuwa, a yi shara, a ɗebo ruwa. In da hali a yi tafiyar da safe, don hasken safiya yana daidaita agogon jiki.

Ƙailula kuma, wadda addini da al'ada suka san ta tun da daɗewa, masana sun tabbatar da amfaninta, domin jiki da kansa yakan yi sanyi bayan azahar ko an ci abinci ko ba a ci ba. Sharaɗinta shi ne ta zama gajeriya, minti 20 zuwa 30, kuma kafin la'asar. In ta yi tsawo mutum yakan tashi da nauyin kai, ta kuma ɓata barcin dare.

Gajiyar da ba ta jin hutu

Yanzu na komo kan kasala. In mutum ya gyara barcinsa da abincinsa amma mako biyu ko uku suka wuce bai ji sauƙi ba, to, jiki magayi, asibiti ya kamata ya nufa. Abin da ya fi yawa a cikinmu shi ne ƙarancin jini. Jajayen ƙwayoyin jini su ke ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa gaɓoɓi, kuma ana bukatar sinadarin ƙarfe don a gina su. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49, da kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59, suna da ƙarancin jini. Haila da haihuwa kusa-kusa da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tsargiya duk suna rage jini. Alamunsa su ne jiri, haki, bugun zuciya, da farin cikin ido da tafin hannu. Hanta da nama da kifi da wake da ganyaye irin su zogale da alayyafo suna taimakawa, musamman in an haɗa da lemon tsami ko goba ko tumatir. Shan shayi tare da abinci kuwa yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfen.

Sauran cututtukan da kan zo da kasala sun haɗa da ciwon sukari, wanda ke zuwa da yawan ƙishirwa da yawan fitsari, da tarin fuka, wanda alamarsa tari ne na fiye da mako biyu da rama da gumin dare, da ciwon hanta, da ciwon ƙoda. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya kuma tashi a gajiye, shi ma ya ga likita. Kada a tsaya sayen maganin ƙarin jini a kyamis ba tare da awo ba, don a lokacin da ake ta sha ainihin ciwon yana ci gaba.

Gajiyar fargaba

Zan zama mara gaskiya in na sauka daga nan ban ambaci halin da wannan yanki ya shiga ba. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda. Akwai magidanta da ke kwana zaune suna sauraren ƙarar babur, akwai matan da suka yi darare a daji da goyo, akwai manoman da gonakinsu suka gagare su zuwa. A 2024 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu, ta tarar fiye da ɗaya cikin huɗu suna fama da tamowa. Wanda ke cikin wannan hali ba za a ce masa ya kwanta ƙarfe goma ya ci hanta ba. Tsoro yana sa jiki ya zauna cikin shirin gudu dare da rana, wannan kuwa yana cin ƙarfi fiye da noma. In ya daɗe yakan zama ciwon damuwa, mutum ya daina jin daɗin kome, ya daina cin abinci, ya guji jama'a. Wannan ciwo ne kamar sauran cututtuka, yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne.

A nan ne nauyi ya faɗo kanku, ku ma'aikatan gwamnati da ku ɗaliban da za ku gaje su. Shugaban makaranta yana iya duba dalilin gyangyaɗin yaro kafin ya ɗauki bulala. Shugaban ma'aikata yana iya tsara aikin dare a asibiti yadda malamin jinya ba zai haɗa dare da wuni ba. Shugabannin tasha suna iya hana direban da ya kwana a hanya sake lodi. Magidanci yana iya kai iyalinsa awon jini, ya kuma ɗauke mata wani abu daga aikin gida. Samar da tsaro da abinci kuwa haƙƙin hukuma ne, babu wata shawarar likita da za ta maye gurbinsa.

Kammalawa

Jama'a, abin da na kawo muku ba sabo ba ne, yawancinsa kakanninmu sun yi shi ba tare da sun san sunayen sinadarai ba. A tsai da lokacin kwanciya kamar yadda aka tsai da na tashi, a ajiye waya kafin a hau gado, a bar goro da shayi daga la'asar, a karya kumallo, a sha ruwa, a taka ƙasa, a yi gajeriyar ƙailula, a nisanci ƙwayoyi, in kasala ta ƙi tafiya a je a auna jini. Kada a ce za a yi su duka rana ɗaya. A ɗauki guda a riƙe ta mako biyu, sa'an nan a ƙara wata, sannu ba ta hana zuwa.

Roƙona na ƙarshe ya shafi gaisuwar da muka fara da ita. Ba na neman a canja amsarta, "ba gajiya" za mu ci gaba da cewa, haka muka gada. Amma in ka tambayi matarka ko ɗanka ko wanda ke ƙarƙashinka a ofis ina gajiya, ya ce maka babu, ka dubi idonsa kafin ka wuce.